Wurin Horo da Ci Gaban Ɗalibi a Wasan Ƙwallon Raga

GABATARWA

An shirya wannan ɗan littafi domin iyaye, da malaman makaranta, da sarakunan Hausawa, da shugabannin 'yan kasuwa waɗanda ke zaune a Fatakwal da Anacha da Inugu. Nufinsa shi ne ya bayyana yadda wurin da yaro ke koyon ƙwallon raga yake taimakonsa ko yake tauye shi, ya kuma nuna hanyar auna wannan da kayan da ke hannun kowa, watau igiya, da alli, da agogo, da littafin rubutu.

Sau da yawa akan ji malamin wasanni ya ce, "Wane ba shi da hannu," ko kuwa uba ya ce, "Shekara biyu ke nan yaron nan yana zuwa fili, ban ga abin da ya ƙaru da shi ba." Daga nan sai a cire yaron daga ƙungiya, ko a mai da shi rumfa ya ci gaba da jiran kaya. To, amma manomi ba ya zargin iri sai ya duba gona. In aka shuka dawa a kan fako ta ƙi, laifin na mai shukar ne. Haka al'amarin ɗalibi yake. Kafin a yanke masa hukunci, lalle ne a duba ƙasar da yake tsalle a kanta, da ƙwallon da aka ba shi, da malamin da ke koya masa, da halin da ya baro gida a ciki.

ASALIN WASAN DA MATSAYINSA

Wani malamin motsa jiki mai suna William G. Morgan ne ya ƙago ƙwallon raga a shekarar 1895, a garin Holyoke na ƙasar Amurka. An kafa hukumar wasan ta duniya, wadda ake kira FIVB, a birnin Paris a 1947, sa'an nan wasan ya shiga gasar Olamfik a Tokyo a 1964. Mutum shida ne a kowane gefe, raga a tsakaninsu. Kowane gefe yana da taɓawa uku kafin ya mayar da ƙwallo, wanda kuwa ƙwallon ya faɗi a filinsa an ci shi maki ɗaya. Ana yin zagaye har maki 25, muddin akwai ratar maki biyu, zagaye na biyar kuwa maki 15 ne.

A nan Nijeriya, an fara Bikin Wasanni na Ƙasa a Legas a 1973, shekara uku bayan ƙarewar yaƙin basasa, da niyyar haɗa kan samarin ƙasar. Fatakwal ta karɓi baƙuncin bikin a 1988, ta sake karɓa a 2011. Asaba, wadda gada kawai ta raba ta da Anacha, ta karɓa a 2022. Ƙwallon raga na cikin wasannin da jihohi ke karawa a kai a wannan biki.

Zaman mutanen Arewa a waɗannan garuruwa kuwa ba baƙon abu ba ne. Tun da aka haɗa Fatakwal da Inugu da hanyar jirgin ƙasa a 1916 domin jigilar kwal, fatake ke bin sawun ciniki zuwa can. Har ma Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato, shi ne magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Saboda haka yaron da aka haifa a kusa da Kasuwar Creek Road, ko a Bida Road ta Anacha, ko a Gariki ta Inugu, a nan yake makaranta, a nan kuma ya kamata ya sami wurin wasa.

Ƙwallon raga ya dace ƙwarai da irin waɗannan unguwanni masu cunkoso, gama filinsa ƙarami ne, kayansa ba su da yawa, kuma ba a gogayyar jiki da abokan karawa tun da raga ta raba tsakani. Amma wasa ne wanda ba a riƙe ƙwallo a cikinsa ko na ƙiftawar ido. Wannan ya sa ba a iya shi sai da maimaitawa mai yawa, shi ya sa kuma duk wata tawaya ta wurin horo take bayyana a hannun ɗalibi nan da nan.

Abin da muke nufi da wurin horo abu shida ne: fili, yanayi, kayan wasa, malami, gida, da abokan karawa. Za mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

NA FARKO: FILI

Bisa ga dokar wasan, tsawon fili mita 18 ne, faɗinsa mita 9, watau kimanin ƙafa 60 da ƙafa 30. Ana jan layi a kowane gefe, mita 3 daga tsakiya. Bayan wannan, tilas a bar sarari na aƙalla mita 3 a kewaye, babu bango, babu kwata, babu tarin kaya. Ke nan wanda zai shata fili yana bukatar wuri mai mita 24 da mita 15. A sama kuma ana bukatar mita 7 ba tare da wayar lantarki ko reshen itace ba. Domin a tabbata filin bai karkace ba, sai a ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwar da ke daura da ita. In an shata daidai, za a sami mita 20 da santimita 12 a kowane ɓangare.

Wannan sarari na kewaye shi ne aka fi rainawa, alhali yana da babban tasiri. Yaron da ya san akwai kwata a bayansa ba zai bi ƙwallo da gudu ba. In ya shekara a haka, tsayawa ta zama masa ɗabi'a, ko an kai shi babban fili ba zai bi ba, sai a ce rago ne.

Doka ta hana wasa a kan ƙasa mai kaushi ko mai santsi. A tsohon garin Fatakwal, inda Creek Road take, ƙasa tana kusa da ruwa, ba ta saurin shanyewa, kuma daɓen siminti yakan yi gansakuka da damina. Wanda ya taɓa zamewa sau ɗaya yakan riƙa tsalle da ɗar-ɗar. Maganin wannan shi ne a ɗan karkata filin domin ruwa ya gangare, kuma doka ta yarda da gangaren milimita 5 a kowace mita ga filin waje. A Inugu ƙasa ja ce, ga tudu da gangare, ruwa na zaizaye ta ya bar tsakuwa da ramuka, don haka cikewa da daddaɓewa a farkon kowane zangon karatu wajibi ne. A Anacha, filayen da ke kusa da bakin Kwara suna cikin haɗarin ambaliya irin wadda aka gani a 2012 da 2022. Bayan ruwa ya janye, kada a koma wasa sai an share, an tsince kwalabe da ƙusoshi.

Daɓen siminti yana da tsabta, amma ba ya sassauta wa gwiwa. Yaro mai tasowa wanda ke yawan dira a kansa yakan kamu da ciwo a ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa. In filin siminti ne, a rage yawan tsalle, a kuma koyar da faɗuwa da mirginawa a kan rairayi ko ciyawa. Kada a shata layi da bulo, ko katako, ko kwalabe, sai da fenti ko farar ƙasa, faɗin santimita 5. Haka nan a miƙe tsawon filin daga arewa zuwa kudu, domin kada ranar yamma ta haske idon gefe guda.

NA BIYU: YANAYI

Wanda ya koyi wasa a Kano ko Katsina ya san matsalarsa rana ce da ƙura. A Fatakwal matsalar ruwa ce. Ruwan da ke sauka a can a shekara ya haura milimita 2,000, fiye da ninki biyu na abin da Kano ke samu, kuma damina takan kama tun wajen Maris ko Afrilu har Oktoba ko Nuwamba. Makarantar da ba ta da rufaffen wuri za ta iya asarar ranakun horo masu yawa ba tare da kowa ya lura ba. Ɗalibi zai ce ya shekara yana wasa, alhali in an ƙidaya kwanakin da ya taɓa ƙwallo ba su taka kara sun karya ba. Saboda haka ranar ruwa kada a sallami yara. A shiga zauren taro ko baranda, a yi ta buga ƙwallo a bango da yatsu da damatsa, a koyi takun ƙafa, a bi dokokin wasa. In kuwa ana tsawa, a bar fili nan take, kada a koma sai an yi minti 30 ba a ji wata ba, domin turakun ƙarfe a fili haɗari ne.

Abu na biyu shi ne zafi mai gumi. Jiki na sanyaya kansa ne ta hanyar bushewar zufa. A Arewa iska busasshiya ce, zufa na bushewa da sauri. A bakin teku kuwa iskar cike take da laima, sai zufa ta yi ta kwarara, jiki bai huce ba. Yaron da ya galabaita haka hannunsa yakan yi sanyi wajen bugu, hankalinsa ya rabu, sai malami ya zaci rashin kula ne. A ajiye ruwan sha mai tsabta a bakin fili, a riƙa tsayawa a sha kamar kowane minti 15 ko 20, a kuma yi horo da sassafe ko bayan la'asar. Duk yaron da ya ce yana jin jiri, ko ciwon kai, ko tashin zuciya, a kai shi inuwa a fifita shi, a jiƙa masa jiki. In ya fara ruɗewa, a garzaya da shi asibiti.

Abu na uku iskar da ake shaƙa. Daga ƙarshen 2016 mutanen Fatakwal sun yi fama da baƙar kunkunniya mai sauka a kan rufi da tufafi. A shekarar nan kuma, ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya Anacha a kan gaba cikin biranen da aka auna wajen yawan ƙura a iska. Mai wasa yana shaƙar iska fiye da mai zama sau da yawa. Don haka kada a kafa raga a bakin tashar mota, ko kusa da injin ba da wuta, ko inda ake ƙona shara ko babbakar fata da taya. Yaro mai ciwon asma ya zo da maganinsa fili kullum, malami kuma ya san da zancen.

NA UKU: KAYAN WASA

Nauyin ƙwallon raga giram 260 zuwa 280 ne, kewayensa santimita 65 zuwa 67. Na ƙwallon ƙafa kuwa giram 410 zuwa 450 ne. Wasu makarantu, saboda rashi, sukan ba yara ƙwallon ƙafa su koyi ƙwallon raga da shi. Wannan kuskure ne babba, gama yana targaɗa yatsu, yana sa damatsa su yi tsami, sai yaro ya koyi kauce wa ƙwallo maimakon tarbarsa. Gwamma ƙwallon roba marar nauyi da wannan.

Tsayin raga ga manyan maza mita 2.43 ne, ga mata mita 2.24. Wannan awon manya ne. In aka kafa wa ɗan shekara goma sha ɗaya raga a tsayin manya, ba zai taɓa ɗanɗana maka ƙwallo daga sama ba, sai dai ya saba da tura shi ko cilla shi ta kowane hali, kuma gyaran wannan daga baya yana da wuya. A sauke musu raga zuwa mita 2 ko ƙasa da haka gwargwadon tsawonsu, a ƙanƙanta fili, a yi uku da uku ko huɗu da huɗu. Turaku su zama masu sulɓi, a naɗe su da soso ko tsohuwar katifa, kada a ɗaure su da waya zuwa ƙasa. A kusa da ruwan gishiri ƙarfe na saurin tsatsa, sai a riƙa duba gindinsu, a shafa musu fenti.

Yanzu ga lissafin da ya kamata kowane shugaban makaranta ya yi. Mu ƙaddara ɗalibai 24 ne, ƙwallo ɗaya, sun yi layi, kowa na jiran a jefo masa. In kowane bugu da ɗauko ƙwallon ya ci daƙiƙa 15, a awa ɗaya za a yi bugu 240, watau kowane yaro ya taɓa ƙwallo sau 10 kacal. In kuwa aka sami ƙwallo 6, aka kasa yaran huɗu-huɗu, kowa zai taɓa sau 60 a cikin awar nan. Yaran su ne dai, malamin shi ne, lokacin bai ƙaru ba, amma koyon ya ninka shida. Wanda ke da kuɗi kaɗan, ya fara sayen ƙwallaye da famfo kafin rigunan ado.

NA HUƊU: MALAMI

Malami shi ne mafi nauyi cikin abubuwan nan shida, domin malami nagari yana rage illar mummunan fili, amma kyakkyawan fili ba ya gyara malamin da bai san aikinsa ba. Ana gane nagari da alamu kamar haka. Yana zuwa da tsarin abin da zai koyar a rubuce. Yana fara horo da ɗumama jiki. Jawabinsa gajere ne, nuninsa mai yawa. Yana gyara kuskure ɗaya a lokaci ɗaya. Ba ya barin masu rauni a gefe su zama 'yan ɗauko ƙwallo. Ba ya duka, ba ya zagi, ba ya kuma hukunta wanda ya yi kuskure da tsallen kwaɗo, gama yaron da ke tsoron hukunci yakan bar ƙwallo ya faɗi tsakaninsa da ɗan'uwansa don kada laifi ya hau kansa.

Raunin da ya fi yawa a wannan wasa shi ne gurɗewar idon sawu, kuma galibi yana faruwa ne a gindin raga, in mai tsalle ya dira a kan ƙafar wani. Malami ya koyar da dira a kan ƙafa biyu, gwiwoyi a lanƙwashe, ya kuma hana ƙetare layin tsakiya tun ranar farko.

Akwai kuma batun harshe. A fili guda a Fatakwal za a iya samun ɗan Hausawa, da ɗan Ikwerre, da ɗan Ijaw, da ɗan Ibo. Wasan kuwa ba ya yiwuwa sai da kira, mai karɓa ya sanar, mai ɗagawa ya amsa. Yaron da bai daɗe da zuwa daga Arewa ba yakan yi shiru don kunyar Turancinsa, sai a riƙa karo da shi. Malami ya tsayar da 'yan kalmomi kaɗan na kira waɗanda kowa zai haddace, ya kuma gauraya yaran, kada ya bari kowace ƙabila ta ware gefe. Malamin da ke son ƙarin ilmi, akwai Cibiyar Nazarin Wasanni ta Ƙasa da ke babban filin wasa na Surulere a Legas, kuma Hukumar Ƙwallon Raga ta Nijeriya takan shirya kwas na masu koyarwa da alƙalan wasa.

NA BIYAR: GIDA DA KASUWA

Horo yana farawa tun daga gida. Yaron da ya tashi da asuba ya taya sauke buhunan albasa ko doya, ya tafi makaranta, ya dawo ya zauna a rumfa, ya wuce Islamiyya, in ya iso fili ƙarfinsa ya riga ya ƙare. Masana lafiya sun ce ɗan shekara 13 zuwa 18 yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba da shawarar yara su sami motsa jiki na minti 60 a kowace rana. Ba a ce yaro ya bar taimakon iyaye ko karatunsa ba. Abin da ake nema shi ne uba da malamin wasanni da malamin Islamiyya su daidaita, a ware yammaci biyu ko uku a mako waɗanda kowa ya san na fili ne. Da azumi kuma a sassauta, a bar gudu da tsalle, a tsaya kan gyaran hannu.

Abinci ba sai mai tsada ba. Wake, gyaɗa, ƙwai, kifi, ganye da lemo duk suna gina jiki, kuma mai zama kusa da Creek Road ba ya rasa kifi. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya: kada yaro ya zo fili da yunwa. Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki suna rage jini, mai ƙarancin jini kuwa yana saurin haki. In yaro ya faye gajiya, a kai shi a auna jininsa kafin a kira shi malalaci. A kuma tabbata ya sami rigakafin sarƙewar haƙora, domin ƙujewa a fili ba ta ƙarewa.

Game da 'yan mata, iyaye da yawa suna hana su ne saboda wurin, alhali ba su ƙi wasan ba. In fili a buɗe yake ga 'yan kallo na kasuwa, babu wurin sauya tufafi, babu malama, uba yana da hujja. In aka kewaye filin, aka ware musu lokaci, aka sa malama, aka bar su da dogon wando da riga mai dogon hannu da ɗankwali, hujjar ta kau. A gasar Olamfik ta Rio a 2016, 'yar ƙasar Masar Doaa Elghobashy ta buga ƙwallon raga na rairayi da lulluɓinta a gaban duniya.

NA SHIDA: ABOKAN KARAWA

Ɗalibin da kullum da mutum biyar ɗin nan yake wasa, ya san bugun kowa, ci gabansa zai tsaya. Yana bukatar karawa da wanda ya ɗan fi shi. A shirya wasan sada zumunci da makarantun maƙwabta ko sau ɗaya a wata. A kai yara su ga manya suna wasa, su kuma taka rufaffen zaure kafin ranar gasa, domin wanda ya saba da sararin sama yakan rikice in ya ga rufi da fitilu a karo na farko. A Fatakwal akwai cibiyar wasanni ta Alfred Diete-Spiff a Moscow Road, cikin tsohon gari. A Inugu akwai filin wasa na Nnamdi Azikiwe, a Anacha kuma na Chuba Ikpeazu. Hanyar neman izini ita ce shugaban makaranta ya rubuta wa hukumar wasanni ta jiharsa. Ta wannan hanya ce kuma ake ganin yaro har a zaɓe shi zuwa Wasannin Matasa na Ƙasa, waɗanda aka fara a Abuja a 2013.

'Yan matan Japan da suka ci zinariya a Tokyo a 1964, yawancinsu ma'aikatan masaƙa guda ce, suna horo tare bayan tashi daga aiki a ƙarƙashin malaminsu Hirobumi Daimatsu. A Kenya kuwa, wadda 'yan matanta suka fi na kowace ƙasa cin kofin Afirka, makarantun sakandare irin su Lugulu su ne suka daɗe suna renon 'yan wasa. A duka biyun, wuri tsayayye ne da malami tsayayye da karawa a kai a kai suka haifar da gwanaye.

YADDA AKE AUNAWA

Malami ya tanadi littafi biyu. Na farko littafin fili ne. A cikinsa za a rubuta, a kowane zango:

1. Ranakun da aka shirya horo, da waɗanda aka yi, da dalilin fasa sauran.
2. Yawan ɗalibai da yawan ƙwallaye masu lafiya.
3. Sau nawa yaro ɗaya ya taɓa ƙwallo cikin minti 10. A sa wani ya zauna a gefe ya zaɓi yaro ɗaya a ɓoye, ya riƙa jan layi a takarda.
4. Halin ƙasa, da raga, da turaku, da ruwan sha.
5. Duk raunin da aka ji, da inda aka ji shi, da abin da ake yi a lokacin.

Na biyu littafin ɗalibi ne, kowa da shafinsa. A farkon zango da ƙarshensa a gwada shi a kan abu huɗu:

1. Bugun farko: ya buga sau 10, a rubuta nawa suka ƙetare raga suka faɗa cikin fili.
2. Ɗagawa da yatsu: a ja layi a bango, a ƙidaya sau nawa ya buga sama da layin cikin daƙiƙa 30.
3. Tarba da damatsa: a jefo masa sau 10, a ƙidaya nawa ya kai wurin mai ɗagawa.
4. Tsalle: ya shafa alli a yatsu, ya miƙa hannu ya taɓa bango a tsaye, sa'an nan ya yi tsalle ya sake taɓawa. Tazarar da ke tsakanin alamun biyu ita ce tsallensa.

A rubuta tsawonsa da ranakun da ya halarta. Lalle ne gwajin ya kasance da ƙwallo iri ɗaya, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya na yini, in ba haka ba awon ba shi da amfani.

A ƙarshen zango sai a ajiye littattafan biyu gefe da gefe. In yawancin yara ba su ci gaba ba, matsalar ta wurin ce, a duba ranakun da aka rasa da yawan taɓa ƙwallo. In kowa ya ci gaba a bugun farko amma tarba ta ƙi, a duba ƙasa, wataƙila tsoron faɗuwa ne. In rauni yana ta faruwa a kusurwa guda, a je a duba kusurwar. In kuwa kowa ya ci gaba sai yaro ɗaya, a duba halartarsa da lafiyarsa, a kuma ziyarci gidansu. A lura da cewa yaron da ya yi tsawo farat ɗaya yakan yi 'yan watanni hannu da ƙafa ba sa bin umarninsa sosai, sa'an nan ya daidaita. Kuma a gwada kowane yaro da awonsa na baya, kada a gwada shi da na wani, domin 'yan aji ɗaya ba lokaci ɗaya suke girma ba. Da yawa daga cikin waɗanda ake cirewa suna da shekara 13 don gajarta, su ne dogaye a shekara 17.

AIKIN DA KE KAN KOWA

Shugaban makaranta ya sa horo cikin jadawali, ya riƙa duba littafin fili kamar yadda yake duba rajistar aji. Ƙungiyar iyaye da malamai ta ɗauki nauyin ƙwallaye, da randar ruwa, da akwatin taimakon gaggawa. Sarkin Hausawa da shugabannin kasuwa su nemi fili tare da masu unguwa na 'yan gari, su hana a mai da shi wurin ajiye kaya ko zubar da shara. Maƙera da masu walda na unguwa za su iya haɗa turaku, masu saƙar koma a bakin ruwa kuma za su iya gyaran raga. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kai kuma uba, ranar da aka ce maka ɗanka ba ya ci gaba, ka tafi filin da kanka ka tsaya minti goma. Ka duba ƙasar, ka ɗaga ƙwallon ka ji nauyinsa, ka ƙidaya sau nawa ɗanka ya taɓa shi. Sa'an nan ka nemi malami ya nuna maka littafin fili. Abin da kuka gani ya fi muni, shi za ku fara gyarawa a wannan zango, ku sake awo a zango mai zuwa.